Ɗamarar Ma'azu

Ni baduku ne, a gindin dutsen Birni nake zama.
Ba ni da sikeli, ban karanci likita ba,
basilla ce kawai da jar fatar akuya,
amma na san nauyin mutum ta hujin ɗamararsa.

Ma'azu direba, yau shekara tara,
ya kawo tasa in ƙara mata tsawo.
Muka yi dariya, na ce arziki ya sami wurin zama.
A garin nan, in tumbi ya riga ka shiga zaure
sai a miƙe a kakkaɓe maka tabarma.
Kilishi a hanyar Tanut, alkaki in an sauka,
shayi har na uku, mai kama leɓe.
Kujerar mota ta fi ƙasa sanin sa.

Sai ƙafa ta kumbura, ta ƙi takalmi.
Ƙishi ya riƙa tashe shi kafin ladan,
gwiwa ta ƙi lanƙwasa,
ya koma salla bisa kujera yana da arba'in da shida.
A lopital aka ɗaure masa damtse,
majo ya dubi allura, ya dube shi, bai yi murmushi ba.
Tansiyo, in ji shi. Da sukari.

Wata biyar, ga Ma'azu, riga na lilo a kafaɗa.
Huda min biyu ta ciki, ya ce. Na huda.
Ya rantse ya bar tuwo har abada,
ya sayi garin wani mai lasifika a kasuwar Dole,
jika uku, ɗaci kamar maɗaci.
Unguwa ta hau tambaya: ciwo ne, ko bashi?
Tsohuwarsa ta aiko da man shanu daga Mirriya
da saƙon kada ya kunyata ta.

Jiki rijiya ne, na gane daga baya:
ka yashe da safe,
da la'asar ruwa ya taru, bai nemi izininka ba.
Ƙibar ta dawo, ta zo da ƙanwarta.
Ya zo min bayan isha, don kada a gani,
hujin nan biyu suna kallonsa kamar masu bin bashi.
Sau uku muka yi haka.
Sau uku yana zagin zuciyarsa,
alhali yunwa ba ta jin rantsuwa.

A na huɗu bai rantse ba.
Tsahara ce ta canza mara, ta sa ƙarama,
ta cika gefen kwano da zogale, ba ta ce komai ba.
Bayan asuba ya taka daga Garin Malam zuwa tasha,
wata rana ya fasa, washegari ya koma.
Ƙwayar majo a aljihu, tare da makullin mota.

Huji ɗaya kawai ya matsa.
Ɗaya. Amma shekara huɗu ke nan ƙarfe na kwana a ciki,
har fatar wurin ta yi baƙi, ta yi kanta.
Ba siriri ba ne, mai nesa ba zai ga bambanci ba.
Ni dai ranar Juma'a na ga rairayi a goshinsa.

Ya tambaye ni ko abin zai ɗore.
Na ce fata ma, in ka daina shafa mata mai, tsagewa take,
ban san wadda aka shafa sau ɗaya ta isa ba.
Ya ce to toshe min biyun can, suna min gori.
Na ce huji ba ya toshuwa, ka bar su su sha iska.

Jiya ya sayi alkaki ɗaya, ya raba,
ya miƙo min babban ɓangaren.
Na karɓa, na cinye,
ban gaya masa ba cewa tawa ɗamarar
tun bara na ƙara mata tsawo, da dare, ƙofa a rufe.